Yadda Na Sauko Daga Rim Mai Inci 19 Zuwa 18 Don Rage Kuɗin Taya A Filin Tsere

Wanda ya fara kai motarsa filin tsere yakan ɗauka mai ne zai cinye masa kuɗi. Kafin ya yi zuwa uku ya gane taya ce. Mai dai ka san iyakarsa, ka cika tanki, ka ƙone, ka sake cikawa. Taya kuwa za ka shiga fili da safe zanenta tsaf, yamma na yi ka durƙusa ka shafa kafaɗarta ta waje ka ji ta yi sumul, alhali tsakiyarta da sauran rai. Kuma ba a sayen guda ɗaya, biyu ne ko huɗu.

Motata BMW M3 ce, ƙirar E46, wadda aka yi daga 2000 zuwa 2006. Na same ta da rim mai inci 19, tayar gaba 225/40R19, ta baya 255/35R19. A kan titi ba ni da ƙorafi, rim ɗin ya yi mata kyau ƙwarai. A fili ne abin ya dame ni. Tayoyin gaba suna mutuwa tun na baya ba su yi rabi ba, ga shi ba ni da halin musanya su tunda faɗinsu ba ɗaya ba ne. Duk sanda na je neman taya mai jure zafin fili a wannan girman kuma, sai in tarar zaɓin kaɗan ne, wanda ke akwai ɗin ma da tsada. Daga ƙarshe na sayi wani saitin rim mai inci 18 na ware shi don fili kawai. Ga yadda aikin yake, da wuraren da mutum kan yi tuntuɓe, don ni ma na yi a wasu.

Inda rangwamen yake fitowa

Za ka ji ana cewa ƙaramar taya ta fi araha don robarta ba ta da yawa. Idan ka ajiye mai inci 18 da mai inci 19 masu tsayi ɗaya, ta 18 ɗin ma ta fi roba a gefe. Yawan masu saye ne ke sauko da farashi. Girman da motoci da yawa ke hawa, masu tsere da yawa ke nema, shi kamfanoni ke bugawa da yawa suna gogayya a kansa. Shi ya sa lambobi irin su 205/50R15, 225/45R17, 245/40R17, 255/40R17, 245/40R18, 265/35R18 da 275/35R18 suke ta maimaituwa idan kana duba jerin tayoyin fili, irin su Potenza RE-71RS ta Bridgestone, Advan A052 ta Yokohama, Ventus RS4 ta Hankook da Azenis RT660 ta Falken. Saboda haka tun kafin ka kalli hoton rim ko ɗaya, buɗe jerin girman tayar da kake son hawa. Taya ake fara zaɓa, rim ya biyo ta. Idan ka sauko da inci ɗaya ka faɗa kan girman da babu mai nema, kamar taya mai faɗi sosai a kan inci 16, to garin neman ƙiba ka samo rama.

Kada kuma ka ɗauka ƙaramin rim yana nufin ƙarancin gudu. Motocin Formula 1 sun shafe shekaru masu yawa a kan rim mai inci 13, sai a 2022 suka koma 18. Honda ta fitar da Civic Type R ƙirar FK8 a 2017 da rim mai inci 20 da taya 245/30R20, masu kai ta fili da dama suka riƙa sauke ta zuwa 18, da aka zo ƙirar FL5 kamfanin da kansa ya sauko zuwa 19 ya ƙara faɗi, 265/30R19. Amfanin babban rim biyu ne, ado da kuma samar wa babban birki wuri. Ƙarami yakan fi rashin nauyi, gefen tayarsa ya fi tsayi, idan ka hau dakalin nan mai ja da fari na bakin kwana roba ce za ta shanye dukan kafin ya kai ga ƙarfe.

Birki ne mai yanke hukunci

Komai son da kake wa inci 17, idan kalifar birkinka, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ba ta shiga ciki ba, magana ta ƙare. A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci fiye da ko'ina.

Lambar incin da aka rubuta a jikin rim ma'aunin inda bakin taya yake zama ne. Cikin gangar rim ɗin ya fi haka ƙanƙanta, saboda kaurin ƙarfen da kuma kwarin nan da ake tura bakin taya ciki lokacin ɗora ta. Rim biyu, duk inci 18, ɗaya zai rufe birkinka da sarari, ɗayan ya ƙi shiga sam. Don haka kalmar wani cewa "ai 18 tana shiga wannan motar" ba ta isa ba, sai ka san wane rim, wane faɗi, wane birki.

Wuri biyu ake aunawa. Na farko daga tsakiyar hob, wato cibiyar da ake ɗaura rim a kai, zuwa ƙarshen bayan kalifa, shi ne zai nuna ko gangar rim za ta goga. Na biyu daga fuskar hob, inda rim yake kwanciya, zuwa fuskar kalifa ta waje, shi ne zai nuna ko yatsun rim za su taɓa. Mutane sun fi mantawa da na biyun, alhali shi ya fi kama masu kalifa mai fistin huɗu ko shida, don irin wannan kalifar tana da kumatu ta waje. Faifan birkin gaba na motata milimita 325 ne, na M3 ƙirar CSL kuwa 345, wato mota iri ɗaya ma birkinta kan bambanta.

Ka ɗaga motar a jak, ka sa mata abin tokare, ka cire taya. Ka samu kwali mai kauri ka yanka shi ya bi siffar birkin, tun daga tsakiyar hob har bayan kalifa, kamar ka yanka birkin gida biyu kana kallonsa ta gefe. Wannan kwalin za ka sa a cikin rim ɗin da kake son saya ka ga saura nawa. Kamfanonin birki irin su Wilwood da StopTech suna ba da zanen kalifarsu don a buga a takarda; idan za ka buga, ka tabbata firinta ba ta rage girman ba, ka auna layin gwajin da ke jikin takardar da rula. Abin da ya fi duka shi ne ka samu rim ɗin kansa guda ɗaya, ba taya a kai, ka ɗora a motar, ka ɗaure noti uku, ka juya da hannu kana haska tocila ta tsakanin yatsun. Ni ba na yarda da abin da bai kai milimita 3 ba ta kowane ɓangare. A fili ƙarfe yana ɗaukar zafi ya buɗe, rim yana ɗan lanƙwasawa a kwana, ga tsakuwa da ke shiga tsakani ta kankare gangar.

Akwai abu biyu da ba kowa ke faɗa ba. Idan kalifarka mai zamewa ce, irin mai fistin ɗaya da ke kan motata, tana matsawa ciki yayin da fad, wato takalmin birki, ke cinyewa. Ka auna da tsohon fad ka ga sarari, ranar da ka sa sabo kalifar ta dawo waje ta taɓa yatsun rim. To ka auna da sabon fad. Na biyun shi ya faɗa mini. Rim ɗina ya rufe birki lafiya lau da na gwada shi tsirara, aka ɗora taya aka yi balansin, mai aikin ya manna dalmar daidai layin da bayan kalifa ke bi. Juyin farko na ji ƙara, dalmar ta ɓalle ta bar zane a jikin kalifa. Tun daga ranar nakan sa alama da maka a cikin gangar in nuna inda ba a manna komai. Nakan kuma rufe dalmar da tef na alminiyom, don zafin birki yana narkar da gam ɗinta.

Na aro rim mai inci 17 a wajen wani abokina na gwada. Ya shiga, da kyar. Tayar 17 ta fi araha, na kuwa yi kwaɗayinta, amma na san ina da niyyar sa babban birki nan gaba, ranar da na yi haka saitin gaba ɗaya ya tashi a banza. Shi ya sa na tsaya a 18. Ka tambayi kanka wane birki motar za ta kasance da shi nan da shekara biyu. Wanda kuma motarsa ke da faifan birki na kabon da tangaram, yawanci faifan ya cika rim ɗin da ya zo da shi, saukowa ba ta cika yiwuwa ba, kuma ɗan bugu kaɗan lokacin gwada rim yana iya ɓantare gefen faifan.

Lissafin tsayin taya

Rim ne kake ragewa, amma tsayin taya gaba ɗaya kana so ya tsaya kusa da yadda yake. Lissafin ba wuya. Ɗauki 255/35R19. Lambar farko faɗin taya ce, milimita 255. Ta biyu tsayin gefe ne, kashi 35 cikin 100 na faɗin, wato 89.25. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, ya zama 178.5. Inci 19 sau 25.4 ya ba da 482.6. Ka haɗa, tsayin tayar milimita 661.1. Ta gaba, 225/40R19, ta ba da 662.6.

Yanzu a inci 18. Taya 255/40R18 tana ba da 661.2, kusan babu bambanci ko kaɗan, kuma ita ce ma girman da BMW ta sa a bayan motocin da suka fito da inci 18. Ni 265/35R18 na zaɓa, saboda kusan kowace tayar fili da nake so akwai ta a wannan girman. Tsayinta 642.7, ta gaza ta asali da milimita 18.4, kusan kashi 2.8 cikin 100. Nakan yi ƙoƙari kada in wuce kashi 3. Da 245/40R17 na sa, mai tsayin 627.8, da na kai kashi 5, wannan ya yi yawa.

Wannan kashi 2.8 ɗin yana da abin da yake jawowa, gara ka sani tun yanzu. Motar ta sauko ƙasa da kusan milimita 9, rabin bambancin ke nan, don haka leɓen gaba ya ƙara kusantar ƙasa. Maleji yana ƙara zuzuta gudu, inda a da 100 ne yanzu kusan 97 kake yi. Kowace giya ta ɗan gajarta, motar ta fi zafin fita daga kwana, amma akwai miƙaƙƙen layi ɗaya a filin da na fi zuwa wanda a da nakan ƙare shi a giya ta uku, yanzu injin yana kaiwa ƙarshen juyinsa, wajen 8000, kafin wurin taka birki, dole in shiga ta huɗu na ɗan lokaci. Ban ɗauki wannan asara ba, sabo ne kawai.

Abin da kwamfutar mota ta fi damuwa da shi shi ne dangantakar gaba da baya. ABS, mai hana ƙafa kullewa idan an taka birki, da na'urar hana santsi suna kwatanta juyin ƙafafu huɗu. A motata tsayin gaba da na baya kusan ɗaya ne tun daga kamfani, don haka sa taya iri ɗaya ko'ina bai rikita komai ba. A motar da tayar bayanta ta fi ta gaba tsayi tun asali, ka riƙe wannan tazarar yadda take, in ba haka ba na'urar za ta riƙa yanke maka wuta ko taɓa birki a inda bai kamata ba. Mota mai jan ƙafa huɗu kuwa abin ya wuce fitilar gargaɗi, bambancin tsayi yana cin kayan cikin giya.

Ka duba lambobin da ke bin bayan girman. Lambar ɗaukar nauyi 91 tana nufin kilo 615 a kan taya ɗaya, 94 kilo 670, 97 kilo 730. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke rubuce a takardar jikin ginshiƙin ƙofar direba. Harafin gudu kuma V kilomita 240 ne a awa, W 270, Y 300. Idan ka samu taya da rangwamen da ya ba ka mamaki, nemi lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya, su ne ranar yin ta: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Tayar fili da ta daɗe a ajiye robarta ta riga ta fara taurarewa.

Faɗi da ofset

Kowace taya tana da faɗin rim da ya dace da ita. 265/35R18 tana zama a kan inci 9 zuwa 10.5, ni 9.5 na ɗauka. Taya mai faɗi a kan siririn rim tana yin kumburi, gefenta ya riƙa lanƙwashewa a kwana, kafaɗa ta cinye da wuri, ka biya kuɗin faɗin da ba ka mora ba.

Ofset shi ne lambar da ke bayan haruffan ET, tazarar milimita tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke kwanciya a hob. Idan lambar ta ƙaru rim ya shige ciki, idan ta ragu ya fito waje. Rim ɗina na gaba na asali faɗin inci 8 ne, ET47. Sabon 9.5 ne, ET35. Ƙarin inci 1.5 milimita 38 ne, kowane gefe ya samu 19. Ofset ya ragu da 12, wato rim ɗin duka ya matso waje da 12. Bakin waje ya fito da 19 da 12, milimita 31 ke nan. Bakin ciki ya kusanci shokazoba da 19 a cire 12, saura 7. Da waɗannan lambobin biyu na koma gindin mota da rula na duba ko akwai sararin 31 a ƙarƙashin fenda da na 7 a gefen shokazoba. A baya abin ya zo da sauƙi, daga 9.5 ET27 zuwa 9.5 ET35, rim ya shige ciki da milimita 8 kawai.

Lissafi na takarda ne, taya kuwa tana da kumatu, kuma 265 ta wani kamfani ta fi 265 ta wani faɗi. Bayan an ɗora, ka murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu ka leƙa. Ka sa hannu ta baya ka ji tazarar taya da shokazoba da tiyon birki. Bayan fita ta farko ka duba robar cikin fenda ko akwai inda ya yi sheƙi.

Ramuka, hob da noti

Nan babu wayo, ko ya dace ko bai dace ba. Tsarin ramukan motata 5x120 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, ramin tsakiya milimita 72.6. Toyota GR86 da Subaru BRZ 5x100 da 56.1, Nissan 370Z 5x114.3 da 66.1, yawancin Porsche 5x130 da 71.6. Akwai tsare-tsaren da suka yi kusa har ido ba ya bambancewa, 5x112 da 5x114.3, ko 5x120 da 5x120.65 na tsofaffin Corvette. Za su iya shiga da ɗan tilas, su kuma karya maka ƙusa ranar da kake tsakiyar gudu. Idan ramin tsakiyar rim ya fi hob girma ana sa zobe ya cike. Na roba yana narkewa da zafin birkin fili, sayi na alminiyom.

Mazaunin noti iri uku ne: mai tsini na digiri 60, wanda BMW da yawancin rim na kasuwa ke amfani da shi, mai zagaye kamar ƙwallo, irin na Porsche, Volkswagen da rim ɗin Honda na kamfani, da mai lebur da wosha, irin na Toyota da yawa. Noti mai ƙwallo a ramin mai tsini zai ɗauru ka ji kamar ya kama, amma a siririn layi kawai yake taɓawa, zai kwance. Zare kuma ya shiga aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar. A M12x1.5 milimita 12 ne, wato juyi 8 cikakku, ka ƙirga da hannu. Idan ka sa sifesa, wato farantin da ake sawa tsakanin hob da rim don ya turo rim waje, ƙusa ta ƙara tsawo daidai kaurinsa, kada kuma ta yi tsawon da za ta taɓa kayan birkin hannu da ke cikin faifan baya. Motata ana ɗaure ta a Nm 120, da sifana mai auna ƙarfi, zare a bushe, ana tsallaka rami ɗaya ɗaya kamar zanen tauraro.

Game da rim ɗin kansa, araha ba ta ado. Ba sai ka sayi wanda aka ƙera da matsi ba, wanda ya fi kowanne tsada. Irin wanda ake zuba shi sannan a murza gangarsa da zafi ya wadatar, yana da ƙarfi da rashin nauyi daidai gwargwado. Ka nemi nauyin da aka yarda ya ɗauka, da tambarin gwaji irin JWL da VIA na Japan. Idan na hannu ne, a juya shi a injin balansin ba taya ka ga ko ya karkace, a wanke shi tas ka duba gindin kowane yatsa da kewayen ramuka. Wanda aka taɓa yi wa walda ba na kai shi fili ko kyauta aka ba ni.

Taya iri ɗaya a ƙafa huɗu

A wurina rabin ribar daga nan ta fito. Da na sa rim da taya iri ɗaya gaba da baya, sai na samu damar zagaya su. Filin da yawancin kwanoninsa na dama ne, tayar gaba ta hagu ce ke shan wahala, ta baya ta dama kuma kusan hutawa take. Ka musanya su da rana tsaka ko bayan kowace ranar fili, huɗun su mutu tare, maimakon ka jefar da biyu kana kallon biyu da rabin rai. Ka lura da irin zanen. RS4 mai bin hanya ɗaya ce, akwai kibiya a gefenta, gaba da baya kawai za ka musanya a ɓangare ɗaya, sai dai in an cire ta daga rim an juya. A052 kuwa waje da ciki gare ta, tana iya zuwa kowace kusurwa. Nakan rubuta wa kowace taya lamba a gefe da maka, in auna zurfin zane a wuri uku, waje, tsakiya da ciki, in rubuta a littafi.

Amma ka sani halin motar zai canza. Daga 225 zuwa 265 a gaba, turjiyar nan da gaban mota ke yi idan ka shiga kwana ta ragu sosai, abin da ya yi mini daɗi, bayanta kuma ya fi saurin motsi. Zagayen farko ka bi a hankali, na'urar hana santsi a kunne. Motar da injinta ke baya ko tsakiya, kamar Porsche 911 ko Cayman, da dalili aka ba ta taya mai faɗi a baya, nauyin yana can. Ita ka sauko da inci idan birki ya bari, amma ka bar mata bambancin faɗinta.

Ranar farko a fili

Gefen taya mai tsayi yana lanƙwasa fiye da gajere, sitiyari zai ɗan yi laushi a farkon murzawa, cikin zagaye kaɗan za ka saba. Iska ake kula da ita. Da zafi ake auna ta, da zarar ka fito daga fili, kafin ta huce. A motata nakan nemi psi 32 zuwa 34 da zafi, don haka nakan fara da ƙasa da haka da kusan 6, in yi zagaye biyu ina ɗumama taya kafin in matsa. Ka ja layi da alli daga kafaɗa zuwa gefe, in ka dawo ka ga inda allin ya goge. Idan ya goge har ya gangara gefe, tayar tana kwanciya a kan kafaɗarta.

Ƙarin iska yana ɗan rage wannan, amma maganinsa na gaskiya kamba ne, wato a karkatar da saman taya ciki. Mota mai shokazoba irin na gaban M3 tana rasa kamba idan ta kwanta a kwana, shi ya sa kafaɗar waje ke suɗewa. Na sa faranti mai gyaruwa a saman shokazoba na kai gaba digiri 2.5 zuwa 3, ya kuma taimaka wajen shigar da saman tayar ƙarƙashin fenda. Duk wanda ya sayi sabon rim bai je alaimen ba, sabuwar tayar ma haka za ta cinye, sai dai asarar ta ɗan yi sauƙi. Illarsa ita ce a kan titi gefen ciki ne zai riƙa ci, musamman idan ƙafafun gaba sun buɗe waje.

Bayan fita ta farko ka bar ƙafafun su huce sannan ka sake bin notin da sifana, sabon rim yana ɗan zama. Kada ka ɗaure da zafi. Idan motarka tana da sansar iska a bawul, ko ka saya wa sabon saitin nasa ko ka haƙura da fitilar gargaɗi. Idan da juyin ƙafa take gane raguwar iska, ka sake saita ta duk sanda ka canza saiti.

Ko zai biya ka

Ka raba kuɗin rim huɗu, da zobe da noti da alaimen, da abin da kake ragewa a kowane saitin taya. A ce rim ɗin sun ci kuɗin saitin tsohuwar tayarka guda, sabuwar kuma ta fi ta araha da kashi ɗaya cikin huɗu, to sai ka cinye saiti huɗu kafin kuɗinka ya dawo. Zagaya taya yana rage wannan adadin, haka ma kasancewar tayarka ta titi ta daina ƙonewa a fili. Mai zuwa fili sau ɗaya ko biyu a shekara, ni dai ba zan ba shi shawarar ya yi ba, ya sa kuɗin a man birki mai jure zafi da fad mai kyau. Mai zuwa kowane wata kuwa ya ma makara. Idan gasa kake shiga ka karanta dokar ajinka tukuna. A Amurka ajin Street na ƙungiyar tseren motoci ta SCCA ya yarda a sauka ko a hau da inci 1 kawai, faɗi kuma ya tsaya yadda yake. A Jamus rim sai da takardar amincewa kafin ya hau titi, don haka wanda zai tuƙa motar zuwa fili a kan wannan saitin ya duba dokar ƙasarsa da inshorarsa.

Idan na dawo gida nakan wanke rim ɗin tun ƙurar birki ba ta kama ba, in bi gindin yatsu da tocila, in ajiye tayoyin a kwance cikin leda, nesa da rana, inda sanyi ba ya kaiwa ga daskarewa, don irin wannan robar tana tsagewa a tsananin sanyi. A littafin nan nakan rubuta sau nawa kowane saiti ya yi zafi ya huce, da lokacin zagayena mafi kyau na ranar. Tayar fili takan mutu da sauran zane a jikinta. Idan na ga lokacin yana ta hawa alhali ban canza komai ba, motar kuma ta fara zamewa a kwanar da a da take kamawa, nakan yi odar sabon saiti a makon, in bar tsohon don ranar da zan gwada sabon fad.